Umma na da suga da hawan jini a Makka, an ce komai sai ta waya: wa za mu bi?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a Makka ce ta aiko da tambayar. Mahaifiyarta mai shekara 64 tana hannunta, tana fama da ciwon suga da hawan jini. Duk sanda suka je asibiti sai a ce su duba waya: ranar ganin likita a waya, sakamakon gwaji a waya, takardar magani ma a waya. Umma kuwa Larabcinta bai wuce na kasuwa da gaisuwa ba. Ga kuma yayansu a Kano, wanda ake tura wa hoton sakamako ya miƙa wa wani abokinsa likita, shi kuma ya aiko da shawarar a ƙara wannan a rage wancan. Ta ce: shin ganin likita ta waya ya wadatar, kuma maganar wa za su ɗauka?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Umma lafiya, ke kuma ya saka miki da hidimar da kike yi. Ni likitar iyali ce a Jidda, kuma da wuya mako ya wuce ban ga gida irin naku ba. Zan fara da ƙarshen tambayarki, domin can ne haɗarin yake.

Maganar likita ɗaya za ku bi wajen canza magani, kuma shi ne wanda yake ganin Umma ido da ido, yake da fayil ɗinta a gabansa. Ban raina likitan Kano ba, wataƙila ma ya fi na nan ilimi da daɗewa a aiki. Sai dai hoton takarda ɗaya ya gani. Bai san abin da ƙodarta ta nuna wata shida da suka wuce ba, bai ga ƙafarta ba, bai san cewa an taɓa gwada mata wani magani ya sa ta tari an cire ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wata dattijuwa 'yar wajen Hindawiyya ta zo mini da jikarta, ana cewa kwana biyu tana yawan gumi da rawar jiki da hantsi, har ta taɓa yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. 'Yan gida sun fara zancen iska. Na ce a juye mini ledar magungunanta a kan tebur. Sai ga Diamicron da aka rubuta mata a nan, ga kuma Daonil da wata 'yar Umara ta taho mata da shi daga gida bisa shawarar da aka bayar ta waya. Sunansu daban, kwalinsu daban, amma 'yan gida ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi: matsa wa jiki ya fitar da insulin. Tana haɗiye su tare kullum da safe, sugan yana faɗuwa ƙasa warwas. Da muka cire ɗaya, iskar ta tafi. Wanda ya ba da shawarar Daonil bai san tana shan Diamicron ba, don babu wanda ya faɗa masa. Haka Amlor da Norvasc, duk amlodipine ne. Haka Glucophage da metformin. Don haka idan za ki rubuta maganin Umma, ki riƙa rubuta ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin babban sunan kamfani, tare da yawan miligiram ɗinsa.

Akwai wani tarkon kuma tsakanin nan da gida. Na'urar awon suga da ake sayarwa a Saudiyya galibi tana ba da lamba irin 110 ko 140 ko 200. Ɗakunan gwaji da yawa a Najeriya kuwa suna rubuta 6 ko 7.8 ko 11. Ma'auni biyu ne na abu ɗaya, kamar mudu da kilo. A ninka ƙaramar lambar sau 18 a sami babbar: 7.8 ita ce 140. Na taɓa ganin gidan da aka kwana ana salati saboda an tura "140" Kano ba tare da ma'auni ba, wani a can ya ɗauka ta ninka abin da ya saba gani sau ashirin.

To me za a yi da yaya da abokinsa? Kada a kore su, zumunci ne, kuma ido biyu ya fi ɗaya. Ki ce masa duk shawarar da likitan ya bayar a rubuto ta da dalilinta, ke kuma ki kai wa likitan Umma a matsayin tambaya: wani likita ya ga sakamakon ya ce ko za a duba kaza? Likitan kirki ba zai ji haushi ba. Amma ƙwaya ɗaya kada ta canza sai wanda ke riƙe da fayil ya amince ya rubuta.

Yanzu ga batun wayar kanta. Abin da kika ji ana kira Sehhaty manhajar Ma'aikatar Lafiya ce. A cikinta ake kama mau'idi (ranar ganin likita) a cibiyar lafiya ta unguwa, a ga sakamakon tahalil (gwaji), a ga magungunan da aka rubuta da alluran rigakafi da takardar hutun rashin lafiya, kuma ana iya neman likita a yi magana da shi nan take. Akwai ma wurin da za ki riƙa shigar da awon suga da na jini da nauyi da hannunki. Amma kafin ki wahalar da kanki, ki tantance ta wace ƙofa Umma take shiga. Idan 'yar ƙasa ce, kamar dangogin Hausawa da yawa da suka yi kaka da kakanni a Makka da Madina, hanyarta ita ce cibiyar unguwa, daga nan a tura ta babban asibiti in da buƙata, maganinta kuma ya zo ta Wasfaty: saƙo ya shigo waya da lambar takardar magani, a je kantin da ke cikin tsarin da katin shaida a karɓa. Idan kuwa da igama (katin izinin zama) take zaune kuma tana da tamin, wato inshorar lafiya, yawancin harkarta a asibitin kuɗi za ta kasance, sai ki sauke manhajar wannan asibitin da ta kamfanin inshorar, ko Bupa ne ko Tawuniya ko wani, domin a can za ki ga asibitocin da katinta ya shiga da kuma ko an amince da gwajin da likita ya nema. Mutane da yawa suna ɓata mako guda suna neman mau'idi a ƙofar da ba tasu ba.

Abin da ya fi hana mutanenmu shiga waɗannan manhajoji ƙaramin abu ne: layin waya. Lambar sirri tana zuwa ne a layin da aka yi rajista da shi a Absher, manhajar harkokin gwamnati. Sau da yawa layin yana hannun wani ɗa da ya koma Riyad, ko an daina amfani da shi tun bara. Ki gyara wannan tukuna, layin ya zama na Umma, kuma yana cikin gidan. Sannan ki ja mata kunne, ki ja wa kanki: duk wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin lafiya ne zai sabunta fayil, a karanto masa lambar da ta shigo ko a danna wata lamba a Nafath, manhajar tabbatar da shaidar mutum, ɓarawo ne. A kashe waya. Da wannan lambar ake shiga asusun banki da sauran sirrin mutum. Haka nan hoton sakamako da ake jefawa a zauren dangi na WhatsApp, akwai cikakken suna da lambar igama da ranar haihuwa a samansa. A rufe su kafin a tura, kuma a tambayi Umma ko ta yarda mutum arba'in su san halin da ƙodarta ke ciki. Ciwon nata ne.

Lamba biyu nake so ki rubuta da babban rubutu ki manna a jikin firiji. 937 ta Ma'aikatar Lafiya ce, dare da rana, za a haɗa ki da likita a ba ki shawara da Larabci ko Turanci. 997 kuwa ta motar ɗaukar marasa lafiya ce, a yankin Makka 911 ma tana aiki. Bambancinsu shi ne kusan rabin amsar tambayarki.

Ganin likita ta waya yana da kyau ƙwarai ga abin da lamba da baki za su iya ɗauka. Sabunta maganin da aka saba sha, bayanin sakamakon gwaji, daidaita insulin bisa awon da aka rubuta, tambaya a kan ko wannan maganin zai haɗu da wancan, shirin azumi. Duk waɗannan ba sai an fito da tsohuwa cikin zafin Makka an zaunar da ita awa biyu a layi ba. Tun lokacin korona a 2020 aka faɗaɗa wannan hanya, a watan Fabrairun 2022 kuma aka buɗe asibitin Seha na intanet a Riyad, inda ƙwararru ke duba marasa lafiyar da ke kwance a asibitocin nesa ta kyamara. Ina son tsarin, ya rage wahala sosai. Amma ko a can ɗin, akwai ma'aikaci a tsaye kusa da gadon mara lafiya yana taɓa shi. Hannu ne waya ba ta da shi.

Idan fuskar Umma ta karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da na minti biyar ne ya wuce, wannan ba na 937 ba ne, ba na Kano ba ne, ba na jiran maigida ya dawo daga aiki ba ne. A kira 997, a duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa galibi cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Haka ciwon ƙirji ko nauyin ƙirji da gumi, haka numfashi sama-sama, haka suma ko ruɗewa, haka amai da ya ƙi tsayawa ga mai suga. Ki sani kuma masu suga, musamman mata tsofaffi, bugun zuciya yakan zo musu a ɓoye: sai dai a ji ana cewa ciki ya ɗaure, ko kasala ta rufe ta, ko ulsa ce ta tashi. Awon jini da ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani shi ma na gaggawa ne. Wannan maganar ta shafi har waɗanda takardunsu ba su cika ba, don na san tsoron da ke sa a ɓoye mara lafiya a ɗaki har sai abu ya lalace. A irin wannan hali a fita da shi kawai. Dokar ƙasar ta wajabta wa asibitin kuɗi ya fara ceton rai kafin ya kawo zancen biya.

Sai ƙafa. A nan zan ɗan daɗe, don Makka tana da nata salon. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji a tafin ƙafa sannu a hankali, har mutum ya taka wuta bai sani ba. Tsohuwa ta je Harami, ta fito ba ta ga takalminta ba, ta ce ai gida ba nisa, ko ga mota can, ta taka kwalta da azahar. Ba ta ji komai ba. Washegari tafin ya yi bororo, bayan kwana huɗu ya fara wari. Sai a ɗauki hoto a tura wa likita. Hoto ba ya nuna zurfin miki, ba ya nuna ko jini na isa yatsu, ba ya kawo wari, ba ya faɗin ko ƙashi ya taɓu. Na ga mikin da a hoto bai fi ƙwayar wake ba, da na sa ƙarfe na auna sai ya shige har ƙashi. Duk wani rauni a ƙafar mai suga, komai ƙanƙantarsa, a kai shi a gani cikin kwana ɗaya ko biyu. In akwai ja da kumburi ko zazzaɓi, ranar. Gani ya kori ji. Ki saya mata 'yar jakar saka takalmi ta rataya, ki riƙa duba tafin ƙafarta da tsakanin yatsu kowane dare, ko bayan alwalar isha'i, ki tsane mata su da tawul. Idonta ma a duba bayansa sau ɗaya a shekara ko da tana gani garau, da gwajin fitsari da na jini na ƙoda. Waɗannan ukun, ƙafa da ido da ƙoda, ba sa aiko da sallama.

Yanzu yadda za ki sa ganawar waya ta yi amfani. Likitan da ke kan allo minti kaɗan gare shi, abin da kika ba shi da shi zai yi aiki. Mako guda kafin ranar, ki auna jinin Umma safe da yamma. Ta zauna minti biyar tukuna, bayanta a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur, ba magana, ba bayan shayi ko gahawa ba. Awo biyu kowane zama, tsakaninsu minti ɗaya. Na'urar dantse ta fi ta wuyan hannu. A gida, matsakaicin da ya kai 135 bisa 85 ana ɗaukarsa ya hau. Sugan safe kafin karin kumallo, ga mafi yawan manya, ana son sa tsakanin 80 da 130, amma likitanta na iya sassauta mata saboda shekaru. Ƙasa da 70 ya faɗi: a ba ta rabin kofin lemon kwali mai zaƙi, ko cokalin suga a ruwa, ko dabino uku, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, a kira motar ɗaukar marasa lafiya. Ki rubuta duk wannan da kwanan wata da lokaci, ko a manhaja ko a littafin makaranta na riyal biyu. Ni dai na fi son littafin, don ba ya mutuwa da caji, kuma kowa a gidan zai iya rubutawa. Ki ɗauki hoton shafin ki tura.

Idan an kira, kwalayen magani su kasance a gabanki gaba ɗaya, har da na gargajiya da wanda maƙwabciya ta bayar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ga wani abu da na lura da shi ga iyayenmu: ka tambaye su jiki, sai su ce da sauƙi, Alhamdulillahi, ko da daren jiya ba su runtsa ba. Tarbiyya ce da tawakkali, amma likitan da bai san mu ba zai rubuta cewa ta samu sauƙi ya wuce. Ki zauna da ita tun kafin kiran ki tambaye ta dalla-dalla: sau nawa kika tashi fitsari, jirin da safe ne ko in kin miƙe, akwai ranar da kika tsallake magani? In kina fassara, ki faɗi abin da ta ce yadda ta ce shi, kada ki gyara don kunya. Akwai kuma abin da uwa ba za ta faɗa a gaban 'yarta ba, balle ɗanta namiji, irin ƙaiƙayin gaba da masu suga ke yawan samu. In kin ga tana kewaye-kewaye, ki nemi likita mace a je a gan ta. Kafin a kashe, ki maimaita wa likitan abin da kika fahimta: wannan ƙwaya ɗaya da safe, wancan an daina, gwaji bayan wata uku. Kuskure da yawa a wannan minti ɗayan ake kama shi.

Sakamako kuma yakan riga likita isowa waya, sai a buɗe a ga ja a ko'ina hankali ya tashi. Jan yana nufin lambar ta fita daga iyakar mai cikakkiyar lafiya, shi ke nan. Gwajin da ake kira tarakumi a nan, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, iyakarsa ga marar ciwo ƙasa da 5.7 ce. Mai suga da ya samu 6.9 zai ga ja, alhali likitansa murna zai yi, don ƙasa da 7 ake nema ga yawancin manya. Ƙarancin jini da sikila suna iya sa wannan gwajin ya ba da lambar da ba ta dace da gaskiya ba, don haka in akwai sikila a danginku ki faɗa. Babu laifi ki nemi bayanin kalma a intanet ko ki tambayi manhajojin nan masu amsa tambaya don ki fahimci me ake nufi da kaza. Su taimaka miki ki shirya tambaya. Kada su rubuta wa Umma magani.

Masu tallan maganin suga sadidan a TikTok ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Wanda ya ce a ajiye maganin asibiti a sha nasa, a ajiye shi. Zuma da dabino abinci ne masu albarka, kuma suna ɗaga suga kamar kowane zaƙi, a ci da lissafi. In Umma na son ƙaho, a je wurin da ke da lasisi, a kuma gaya wa likita tukuna in tana shan maganin tsinka jini. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Voltaren da 'yan'uwansa na ciwon gwiwa, da tsofaffi ke sha kamar gyaɗa: suna ɗaga jini, suna cin ƙoda. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa tun 2018 aka tsaurara hana sayar da shi ba takardar likita a Saudiyya, shi ya sa wasu ke sa a taho musu da shi cikin kaya daga gida. Kada ki shiga wannan sahun, musamman da irin su tramadol, wanda shigo da shi ba takarda babban laifi ne a nan, ya jefa bayin Allah da yawa a wahala.

Da yake Umma za ta so yin azumi, ki kama mau'idi wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin Ramadan, wannan kam ta waya ma ya isa in awonta na hannu. Za a sauya lokutan magani, wataƙila a rage na sahur. Huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a sha ruwa, ko da saura rabin awa a kira magariba. Wannan maganar ta fi shiga idan likita ya faɗa mata da bakinsa, ko malamin da take jin maganarsa, don in ke kika faɗa za ta ce yarinya ce.

A jakarta kuma, wadda take zuwa Harami da ita, ki saka ƙaramin kati da Larabci: sunanta, tana da suga da hawan jini, sunayen magungunanta, abin da jikinta ba ya so in akwai, da lambar wayarki. Ki sa shi cikin leda saboda ruwan zamzam, ki haɗa da dabino uku.